Isiyaku Bayan An Gine Kango

A lungun da aka haifi Isiyaku a Madabo, da wuya a samu uwar da ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidansu ba, riƙe da hannun ɗanta yana kuka. Tun yana ɗan shekara bakwai hannunsa yake riga bakinsa. Ba mugun yaro ba ne, wannan kowa ya shaida, don shi ne zai raba awararsa biyu ya miƙa wa na kusa da shi tun ba a roƙe shi ba. Amma in aka taɓa shi, wani abu ne yake tasowa daga cikinsa ya rufe masa ido, sai ya dawo hayyacinsa ya tarar da ɗan mutane a ƙasa jini na zuba ta hanci. A aji biyar na firamare ya karya wa wani yaro hannu, don yaron ya ce da shi ɗan masu warin fata. Mahaifinsa baduku ne a Kasuwar Kurmi, mutum mai sanyin hali, amma ranar ya ɗaure shi a jikin turmi ya yi masa bulala har sai da rigarsa ta manne da bayansa. Bayan kwana tara Isiyaku ya sake fasa wa wani baki.

Yana da shekara goma sha shida ya maka wa wani magidanci benci a kafaɗa a gidan kallon ƙwallo. Da ƙyar dattawan unguwa suka kashe maganar. Washegari ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Mamman mai walda, ya tsare shi a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, ya kama shi ta wuyan riga, ya ja shi har suka shiga kangon da ke jikin gidan su Isiyaku.

Kangon gidan wani attajiri ne da kakanninsa suka zo Kano da fatauci daga ƙasashen Larabawa. Magada sun watse, soron ya rufta a wata damina, sai katanga da bishiyar darbejiya suka rage. A nan samarin unguwa suka share fili, suka ajiye benci biyu da ƙarafan da Kawu Mamman ya haɗa musu: gwangwanayen fenti cike da siminti an soke su da sandar ƙarfe, da giyoyin tsohuwar mota an walde su biyu biyu.

Kawu Mamman ya nuna masa mafi ƙanƙanta ya ce, "Ɗaga."

Isiyaku ya ɗaga sau shida, ya nemi ya ajiye.

"Ci gaba. Wannan ƙarfin da yake hana ka zama lafiya da mutane, a nan za ka riƙa sauke shi kullum kafin ka ga fuskar kowa. Ranar da na ji ba ka zo ba, ni da kai ne."

Da farko tsoron kawun ne yake kawo shi. Bayan wata uku kawun ya daina duba shi, shi kuma bai daina zuwa ba. Taku ashirin da uku ne daga zauren gidansu zuwa ƙofar kangon, ya sha ƙirgawa. In ya fito daga masallaci dole ta gabansa zai wuce, kuma zai jiyo ƙarar ƙarfe da nishin abokansa ta kan katanga. Ko ranar da ya tashi jikinsa babu daɗi, sai ya ce bari ya leƙa ya gaishe su, kafin ya ankara ya tuɓe riga ya rataye a reshen darbejiya. Bai taɓa zama ya yi shawara da zuciyarsa a kan zai je ko ba zai je ba. Minti arba'in, ya shiga gida ya yi wanka, ya sha koko, ya bi mahaifinsa kasuwa.

Haka ya yi kusan shekara ashirin. A cikinsu ya gaji rumfar mahaifinsa a layin dukawa, yana ɗinka tumtum da jakunkuna da takalman fata. Ya auri Bahijja, 'yar wani malamin makaranta, suka haifi Sumayya da ƙannenta biyu. Ƙirjinsa ya buɗe, damtsensa ya kai cinyar wani, amma waɗanda suka taso bayansa sun san shi ne a matsayin mutumin da ba ya ɗaga murya. In dattawa suka ba su labarin benci, sai su ɗauka ƙari ne.

An gwada shi sau ɗaya a idon jama'a. A wata shekarar zaɓe, da la'asar, 'yan daba daga wata unguwa suka biyo wani saurayi da gora da adduna har cikin lungun. Saurayin ya faɗi a bakin kwata daidai ƙofar gidan su Isiyaku, suka rufe shi da sara. Isiyaku ya fito da buta a hannu. Ya ajiye butar, ya shiga tsakiyarsu, ya ture biyu suka bugi katanga. Na ukun, wani dogo mai jan ido, ya kawo masa wuƙa a ciki. Ya tare da hannun hagu, wuƙar ta tsarge shi daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, naman ya buɗe fari kafin jini ya cika shi. Da ɗaya hannun ya damƙe wuyan hannun dogon, ya murɗa a hankali har wuƙar ta faɗi, ya durƙusar da shi, ya danne shi da gwiwa. Sauran suka gudu. Mutanen lungu suka taru suna cewa ya karya shi, ya gama da shi, wasu har suna miƙo duwatsu. Isiyaku ya ce kada wanda ya taɓa shi. Haka ya riƙe shi, jininsa na ɗiga a bayan wuyan dogon, har 'yan sintiri suka zo suka tafi da shi. Ɗinki goma sha huɗu aka yi masa. Bayan kwana biyar yana kango yana ɗaga ƙarfe da hannu ɗaya.

Sannan magadan gidan suka haɗa kai suka sayar da kangon. Wata safiyar Litinin aka iske an sauke bulo da yashi a ƙofar, aka ba su kwana uku su kwashe ƙarafansu. Aka sare darbejiyar. Kafin azumi bene mai hawa biyu ya tsaya a wurin.

Abokinsa Nazeer tela ne ya samo musu wani fili a gindin Goron Dutse, bayan garejin wani makanike. Wurin ya fi kangon faɗi, har da inuwar kwano. Matsalarsa ɗaya, tafiyar minti arba'in ce a ƙafa ta cikin lunguna, in kuma a daidaita sahu za a hau, sai an fita titi an jira, a lokacin da ba kowane direba ne ya fito ba. Makon farko Isiyaku bai yi fashi ba. Yana dawowa rana ta ɗaga, ya buɗe rumfa a makare, masu saye sun riga sun wuce wajen maƙwabta. Mako na biyu ya je sau huɗu. Ya fara tsayawa a ƙofar masallaci yana duban sama, yana lissafin lokaci, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Da damina ta kankama, lunguna suka cika da ruwan kwata, sai ya ce in an ɗauke ruwa zai koma. Aka ɗauke ruwa, aikin bikin wani babban gida ya taso masa. Aka gama biki, ya ce sai ranar Asabar.

Ya gwada kawo ƙarfe ɗaya gida. Gidan na gado ne, shi da 'yan'uwansa uku da iyalansu, tsakar gidan kuwa ba ta fi tabarma huɗu ba, kuma tun asuba matan 'yan'uwansa suke hura wuta da wanke-wanke a cikinta. Ba zai tuɓe riga a gabansu yana nishi ba. Ɗakinsa kuma in ya ɗaga sandar sai ta bugi rufi. Ƙarfen ya ƙare a matsayin abin tokare ƙofar zaure.

Bahijja ce ta fara ganin canjin. Ba tumbin da ya fito masa ne ya dame ta ba. Ta ga yadda yake ajiye kofi da ƙarfi, yadda muƙamuƙinsa yake motsi in yara suna wasa kusa da shi. Ita ba ta san shi a zamanin benci ba, sai ta ji kamar an canja mata miji. Ya fara da tsawa. Daga baya ya yi jifa da kwanon miya ya tarwatse a bango don an sa gishiri da yawa. Wata rana da rana tsaka, a kan maganar da ba ta kai ta kawo ba, ya kai naushi. Hannun ya sauka a bango, tazarar yatsa huɗu daga kunnenta. Ƙasar shafe ta zubo mata a kafaɗa. Sumayya, wadda take da shekara tara a lokacin, tana tsaye a bakin ƙofa ta saki fitsari.

Bahijja ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe kafaɗarta, ta fitar da yarinyar, ta dawo ta same shi zaune yana duban yatsunsa biyu da suka kumbura.

"Baban Sumayya, ka koma wajen ƙarfen nan."

"Kin san nisan wurin kuwa?"

"Ban sani ba. Na dai san nisan da ke tsakanin kaina da inda hannunka ya sauka."

Ya ji kunya ƙwarai, ya yi rantsuwa. Da yatsun suka warke ya je Goron Dutse kwana biyu a jere. A rana ta uku ya makara, ta huɗu aka yi rasuwa a lungu. Bai sake komawa ba.

Abin ya faru ne ranar wata Alhamis, saura kwana huɗu babbar sallah, kasuwa ta cika ta batse. Isiyaku ya shafe mako uku yana aikin wasu tumtum guda takwas na farar fata, ya jera su a gaban rumfa suna shan iska kafin mai su ya zo ɗauka. Wani mai turin baro, Mikail, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya shigo layin ɗauke da jarkokin manja. Tayar baron ta faɗa ramin da ke bakin kwata, jarka ɗaya ta kife, murfinta ya fice. Manjan ya malale a kan tumtum biyar.

Mikail ya saki baron ya ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, taya ce ta..."

Isiyaku ya zage shi ta uwa.

Mikail ya miƙe tsaye sosai. "A'a, Malam, ban da iyaye. Ai kai ma ka baza kaya a kan hanya."

Abin da Isiyaku ya iya tunawa ke nan. Sauran a bakin mutane ya ji. Naushin farko ya sami Mikail a muƙamuƙi, waɗanda ke rumfa ta uku sun ce sun ji ƙarar ƙashin. Kafin ya kai ƙasa Isiyaku ya cafko shi ta ƙeya, ya buga fuskarsa a bakin ƙarfen baron. Ya ɗago shi ya sake bugawa. Manja da jini suka gauraya har ba a bambance su. Mutum huɗu suka rataye a jikinsa, ya watsar da su, ya buga na uku. Mikail ya daina motsi.

Sai 'yan'uwan Mikail masu baro suka iso daga bakin kasuwa da itatuwa da sandunan ƙarfe. Dukan farko ya sauka a tsakiyar kan Isiyaku, fatar ta tsage, jini ya rufe masa fuska. Ya faɗi a kan fatunsa. Suka yi ta dukansa a haƙarƙari da baya da gwiwoyi, wani yana ta neman a kawo fetur. Wani tsoho mai sayar da kayan yaji ne ya kwanta a kansa yana salati, ya ce sai dai su haɗa da shi. Hakan ne ya riƙe su har 'yan sanda suka zo.

Mikail bai mutu ba. Idonsa na hagu ya fashe, aka cire shi. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ya yi mako shida yana shan kunu ta tsinken roba. Isiyaku ya tashi da karyayyun haƙarƙari uku da ƙafar da har yau take ɗan ja. A kotu bai yi musu ba. Da aka tambaye shi ko yana da abin faɗa, ya ce duk abin da shaidu suka faɗa haka ne. Aka ɗaure shi shekara uku. Bahijja ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta.

A gidan yari, da haƙarƙarinsa ya haɗe, ya lura cewa in an buɗe ƙofar ɗaki da safe, fili ne a gabansa kai tsaye. Babu ƙarfe, sai ya riƙa kifa ciki yana ɗaga jikinsa da hannuwa har sai sun ƙi, ya kuma karɓi aikin ɗaukar ruwa zuwa madafa da ba wanda yake so. Bai yi fashin kwana ɗaya ba. A shekararsa ta biyu wani fursuna ya kwashe shi da mari a layin abinci, don ya gwada ko labarin da ake bayarwa gaskiya ne. Leɓensa ya fashe. Isiyaku ya tsaya yana jiran abin nan ya taso ya rufe masa ido. Ya taso, amma bai kai ko wuyansa ba. Ya goge bakinsa ya miƙa kwanonsa aka zuba masa.

Bahijja ta zo ganinsa sau huɗu kawai a shekara ukun. A zuwa na uku ya ba ta wannan labarin, yana jin kamar albishir yake yi mata.

"A nan ba sai na yi gardama da raina ba, Bahijja. An buɗe ƙofa, ga fili. Kamar da."

Ta dube shi ta tsakanin ƙarafan. "To, sai da aka cire wa bawan Allah ido sannan ka samu fili kusa."

Ta ajiye masa ƙullin ƙuli-ƙuli da sabulu ta tafi.

Da ya fito, abin da ya fara yi bayan gaida mahaifiyarsa shi ne neman Mikail. Kawu Mamman, wanda yanzu sai da sanda, ya raka shi. Suka same shi a layin 'yan yaji, yana zaune a rumfar yayansa yana ƙulla citta da kanumfari a leda, don baro ya gagare shi, ba ya iya auna hanya da ido ɗaya. Gefen fuskarsa ya lotsa. Kawu Mamman ya yi sallama, ya yi dogon bayani, ya kawo tarihin yaron tun daga firamare, da kangon, da yadda aka gine shi, da nisan Goron Dutse. Isiyaku yana durƙushe kansa a ƙasa.

Mikail ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai daina ƙulli ba. Sannan ya ce, "Baba, na ji. Wato da ba a gine kango ba, da yanzu ina da idona." Ya juyo da lafiyayyen idon kan Isiyaku. "Malam, tafiyar minti arba'in aka ce ko? Ni daga Kurna nake tahowa kasuwar nan a ƙafa kullum, shekara goma sha ɗaya. Ka san ciwonka, ka san maganinsa, ka ga ya yi maka nisa."

Isiyaku ya ce, "Haka ne. Ba ni da hujja. Gafara na zo nema."

"Ban shirya ba. Ku tashi ku je, kuna tare wa masu saye hanya."

Dukawan layinsu ba su yarda ya dawo rumfarsa ba, kuma bai yi jayayya ba. Ƙaninsa ne yake zama a can, shi kuma yana ɗinki a gida ana kai wa. Bahijja ta yarda ta dawo bayan wata bakwai, amma ba gidan gado ba. Ita da kanta ta zaga unguwa har ta samo ɗaki biyu na haya a wani lungu da ke can ƙarshen Madabo. Ɗakunan ƙanana ne, rufin ɗaya yana yoyo, 'yan'uwanta suka yi ta mamakin abin da ta gani a wurin. Abin da ta gani rijiya ce a ƙofar gidan, mai zurfin gaba goma sha biyu, wadda gidaje tara suke sha daga gare ta.

Ranar da suka tare ta miƙa masa guga da igiya ta ce, "Na gaya wa matan lungun nan su riƙa fito da jarkokinsu da bokitansu tun asuba su jera. Na ce kai za ka cika."

Shekara huɗu ke nan yana cikawa. Guga saba'in, wata rana tamanin, kafin rana ta fito sosai. Tafin hannunsa ya yi kanta, rigarsa takan jiƙe har ƙugu. Maƙwabtan da ba su san tarihinsa ba suna cewa Malam Isiyaku mutumin kirki ne mai neman lada, shi kuma ba ya gyara musu. Sumayya ta girma, tana aji biyar a sakandare, tana gaishe shi da ladabi, amma har yanzu in ya ɗaga hannu zai ɗauko wani abu a saman kanta sai ta ɗan kauce. Yana gani. Duk ranar Juma'a yakan bi ta layin 'yan yaji ya yi wa Mikail sallama. Yayan yakan amsa. Mikail bai taɓa amsawa ba.

A watan jiya igiyar ta tsinke a guga na ashirin, gugan ya faɗa ciki. Isiyaku ya leƙa rijiyar, ya ce ba komai, in an kwana biyu zai sa a sayo wata. Ya shiga ɗaki ya zauna kan ɗinkinsa. Bahijja ta sauke tukunyar da ta ɗora, ta yafa mayafi, ta fita ba ta ko karya ba. Kafin ƙarfe goma ta dawo daga kasuwa da sabuwar igiya da sabon guga, ta ajiye su a kan fatar da yake yankawa. Jarkoki hamsin suna jere a waje ba a cika ba. Ya ajiye almakashin ya tashi.